Likkafanin Habboba da Sikelin Jirgin Araha

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Ɗanladi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Amna da yara. Allah ya tsare hanyarku ranar Asabar, ku da mahaifiyarka da za ta raka ku, ya sauke ku Kano cikin aminci, ya sanya albarka a aikin da ka samu can.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke a Omdurman, katanga ce kawai tsakanin ɗakina da naka, sai ga takarda. To, kai ne na fari, ni da kai ba mu saba doguwar magana ba, in na dube ka bakina nauyi yake yi. Bokon da ɗaliban Najeriya suka koya min a shago, lokacin da suke kawo ɗinkin jallabiya, yau ya yi rana.

Jiya da la'asar ina alwala a tsakar gida, kuna auna jakunkuna da sikelin da ka aro wurin mai gawayi. Ga saƙonnin mutane tuli a ƙofar ɗakinka. Sai na ji ka ce wa Amna, "Wannan ƙunshin na Yumma a cire shi. Farin yadi ne kawai, a Kano ma ana sayarwa. Ai mako shida za ta yi ta dawo." Wallahi buta ce ta suɓuce daga hannuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙunshin nan likkafanin mahaifiyarka ne, ka sani, na sani. Abin da ba ka sani ba, maganar nan taka ni na fara yin ta, shekara goma sha huɗu da suka wuce, kusan kalma da kalma. Lokacin an bar ka gida saboda jarrabawa. Abin da aka gaya maka kawai shi ne kakarka Habboba ta rasu a garinsu, an binne ta can. Yau zan gaya maka sauran, kada ka shiga jirgin nan ba ka ji ba.

Inna, wadda kuke kira Habboba, tana da shekara takwas iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a bayan Haɗeja, za su Makka. Guzuri ya ƙare a Jazira, nan Sudan, aka tsaya tsinkar auduga, tsayuwar ke nan. Sai da ta tsufa Allah ya nufe ta da hajji, ta dawo da farin yadi da ta tsoma a ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya shi a can. Kowace shekara takan fito da shi daga akwatin ƙarfe, ta turara shi da sandal, ta mayar. Ko garin Madani za ta je biki, da shi take tafiya. In an zolaye ta sai ta ce, "Mutuwa ba ta aiko da manzo, ni kuwa ba za ta same ni tsirara ba." Da ta ce tana son ganin garinsu kafin ta cika, na ce to, ni zan kai ta, da mahaifiyarka, da ƙanwarka Sadiya tana goye.

Kuskurena na farko, tikiti. Wani mai sayar da tikiti a kasuwa ya ce min akwai jirgi mai araha, kusan rabin na kullum. Ni Haruna, da nake murza yadi in ɗaga shi a rana in ja zarensa da haƙori kafin in saya, ban yi wa mutumin nan tambaya ko ɗaya ba. Na biya, na fito ina murmushi, wai na yi wayo. Sai ana gobe tafiya na gane jirgin gabas zai nufa. Kano tana yamma, ya waladi, ɗana, yamma! Za a kai mu wani gari na Halij, can ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, a ajiye mu, sannan wani jirgi ya dawo da mu ta saman Khartoum ɗin da muka baro, ya wuce. Araha ba ta ado. Na ga takardarka, irin wannan jirgi ka saya, ban kuma ga laifinka ba, talaka da abin da ya samu yake tafiya. Amma ka koma wurin wanda ya sayar maka, ka zauna, ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: kilo nawa kowa, jakar hannu nawa, kujeru a jere suke ko a warwatse, awa nawa za ku zauna a tsakiya, akwai abinci ko babu. Ya rubuta maka a takarda, kada ka yarda da "tamam, tamam".

Na biyu shi ne babba, kuma shi nake gani a ƙofar ɗakinka. Labari ya bazu cewa Usta Haruna tela zai tafi ƙasar Hausa. Jama'a suka yi ta zuwa, daga unguwar Mayo, daga Aljirif, har da waɗanda rabona da su tun sunanka. Hajja Batula ta kawo gwangwani biyu na tahniya, alewar riɗin nan, a kai wa surukarta a Fagge. Malam Idi mai bulo ya kawo rabin buhun dabino. Turaren wuta kuwa, da dilka, da lafaya, ba a magana. Wata tsohuwa ta kawo zoɓorodo. Zoɓo fa, zuwa ƙasar Hausa! Wani dattijo ya ba ni ƙullin kaya ya ce, "Ka kai wa Ɗan'azumi, dogo ne, da yana sayar da fata, a Kano yake." Kowa ya ajiye nasa sai ya ce, "Ai ba nauyi."

Ban ce wa kowa a'a ba. Ka san mu, mutanen hanya ne. Iyayenmu da ƙafa da babbar mota suka zo, duk wanda zai koma gida shi ne gidan waya, saƙo a wurinmu kamar ibada ne. A babbar mota in kaya sun yi yawa sai a ƙara igiya. Ni a raina jirgi ma haka ne, tunda ya fi mota girma. Ka karɓi abin da za ka iya, takarda, hoto, ɗan turare a kwalba. Abin da ya fi tafin hannu ka ce malesh, a yi haƙuri, tun a ƙofar gida, domin a'a ta gida ta fi a'a ta gaban sikeli sauƙi.

Kawunka Babikir ya kai mu filin jirgi da hantsi, ya tsaya a waje. Na zaunar da Inna a benci can gefe da carbinta, na tura kaya wurin awo. Yarinyar da ke wurin ta dubi sikeli, ta dube ni, ta ce kowa kilo ashirin, jaririya ba ta da komai, mun haura da talatin da wani abu. Na ce to, a yi haƙuri, da tsohuwa muke. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta faɗi abin da zan biya, wallahi ya isa sayen keken ɗinki. Na ce "Na'am?" Ta maimaita. Bayana layi, ana ta tsaki.

Nan a ƙasa, gaban jama'a, na zazzage jakunkuna. Na cire takalmana, na cire tukunyar mahaifiyarka, na cire bargon Inna, na cire guzurinmu na gargosh, busasshen burodin nan, da gyaɗa. Kayanmu nake cirewa, na mutane ban taɓa ba, don ina jin muryarsu a kunnena: Usta Haruna ya ci amana. Aka karɓi manyan jakunkuna da ƙyar. Na ce alhamdu lillahi, sai ta ce a ɗora na hannu. Na hannu ma! Jakar Inna ta haura da kilo biyu da 'yan kai. A cikinta akwai maganinta, da silifa, da ƙunshin likkafani, da gwangwanin Hajja Batula guda biyu da na cusa da safe.

Na tsaya da gwangwani a hannun hagu, ƙunshi a hannun dama. Ba zan yi maka ƙarya ba, na san abin da nake riƙe da shi. Sai telan da ke cikina ya ce, yadi yadi ne, mako uku za mu yi mu dawo, shiga jirgi da likkafani ma ai fata ne mara kyau. Na mayar da tahniya cikin jaka. Mahaifiyarka ta kama hannun rigata ta ce, "Usta, ka ji tsoron Allah. Na Inna ne fa." Na zare mata ido na ce, "Ki yi min shiru, ana kallonmu." Ta yi shiru. Na ruga ƙofa na miƙa wa Babikir ƙunshin tare da sauran tarkace. Inna tana can tana jan carbi, ba ta ga komai ba.

Ɗanladi, in sikeli ya matse ka, ka fara tambaya: wane kaya ne in aka bar shi ba a samun madadinsa? Shi ne na farko a jaka. Kuma abin da ba naka ba, mai shi yana zaune taku goma daga inda kake, ka je ka tambaye shi. In matarka ta kama hannun rigarka a irin wannan wuri, ka tsaya ka saurare ta, ta ga abin da ba ka gani ba.

Cikin jirgi kuma wani sabon abin mamaki. Ashe zama kusa da naka ma saye ake yi. Ni a can baya kusa da makewayi, mahaifiyarka da Sadiya a tsakiya, Inna a gaba tsakanin maza biyu da ba ta taɓa gani ba, matar da ko a bas ba ta yarda ta zauna kusa da namiji. Na roƙi na bakin taga ya musanya da ni, ya ce shi kuɗi ya biya. Sai wani bawan Allah, ma'aikaci ɗan Indiya, ya ji tausayi ya tashi, na dawo gefenta. Ka nemi kujerunku a jere tun yanzu, ko da za ka rage tsarabar da za ka saya. Mahaifiyarka ba ta saba zama cikin baƙi ita kaɗai ba.

Da aka turo keken abinci na ce madalla, ga karamci ya zo. Na ɗauki burodi uku, na ce a ba mu shayi, na yi godiya har da "Allah ya saka da alheri". Yarinyar ta tsaya a kaina da wata 'yar na'ura a hannu, tana murmushi. Ni ma ina murmushi. Sai ɗan Indiyan nan, da ya taso daga baya ya ga yadda muke, ya leƙo ya murza yatsu biyu, alamar kuɗi. Subhanallahi! Na fito da fam ɗinmu na Sudan, ta ce ba sa karɓa. Na mayar da burodin ɗaya bayan ɗaya, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ce to, ruwa, tsohuwa za ta sha magani. Shi ma na sayarwa ne. Inna ta dube ni, ta ce, "Ruwa? A sayar wa matafiyi ruwa? Haruna, mutanen nan suna da iyaye kuwa?" Ka san a unguwarmu kowace ƙofa da randarta a waje don mai wucewa, ko jaki ya tsaya sai an ba shi. Ɗan Indiyan ne ya saya mata kwalba ɗaya, ta yi ta sa masa albarka da Hausa, yana ta gyaɗa kai. Don haka guzuri ya zauna a jakar hannu, busasshe, wanda zai kai ku kwana ɗaya cur, da kwalba fanko da za ku cika bayan bincike, da ɗan kuɗin waje a aljihun gaba. Yaranka ba za su gane "babu" a sararin sama ba.

A garin Halij aka ajiye mu awa tara, a wani zaure mai sanyi kamar firjin mai kifi. Kujerun ƙarfe, ba wurin miƙe ƙafa. Inna daga ita sai lafaya marar nauyi, bargonta kuwa yana motar Babikir. Na cire jallabiyata ta sama na rufa mata, duk da haka haƙoranta na kaɗawa. Can ta ce, "Haruna, miƙo min ƙunshina in jingina, ƙarfen nan ya cinye min baya." Na ce, "Inna, yana cikin babbar jaka, a cikin jirgi." Ta ce, "Na ce kada ya rabu da ni." Na ce, "Yana nan lafiya." Mahaifiyarka ta kau da kai, tana jijjiga Sadiya. Da a nan na faɗi gaskiya, da an kira Babikir tun ranar, da wataƙila an sami mai tahowa da shi a kan lokaci. Tsoron faɗan minti biyar ya sa na yi wa uwata ƙarya. In ka yi kuskure a hanya, ka faɗa a inda ka yi shi, tun ana iya gyarawa. Kuma kowa ya shiga da abin rufa a jikinsa, abin da ke jiki ba a auna shi.

Mun isa Kano, muka wuce ƙauye. Ranar na ga Inna ta koma yarinya. Ta gane tsamiyar bakin rijiya, ta rungume 'ya'yan ƙanenta tana kiran sunan matattu, aka yi kuka aka yi dariya. Amma tari ya riga ya kama ta tun daga zauren nan. Ni kuwa, maimakon in zauna kusa da ita, bayan kwana biyu na juya Kano rabon saƙo. Kwana shida ina yawo a rana da buhu a kafaɗa. Ɗan'azumi dogo mai fata, har yau ban gan shi ba. Da na kai wa surukar Hajja Batula tahniyarta, ta buɗe, ta lakata, ta yatsina fuska ta ce, "Wannan kuma mene ne? Zaƙi ya yi yawa." Ta miƙa wa yaran maƙwabta, a gabana suka cinye da yatsa. Ina tsaye a wurin, sai mahaifiyarka ta kira ni a waya ta ce in dawo yanzu, ƙirjin Inna ya toshe.

Na same ta kwance a ɗakin ƙasa, numfashi da ƙyar. An kai ta asibiti a Haɗeja an dawo, likita ya ce sanyi ya shiga huhu. Inna ta ce kowa ya fita sai ni da mahaifiyarka Zainaba. Ta ce, "Haruna, na sa Zainaba ta duba jakunkuna, tana ta yi min kwana-kwana. Kawo min kayana in gan su." Na durƙusa. Na gaya mata komai, sikeli, layi, Babikir. Na zaci za ta yi kuka ko ta tsine min, wallahi da ta yi da ya fi min. Sai ta dube ni ta ce, "Me ka ɗauko a madadinsa?" Na ce, "Tahniyar Hajja Batula." Ta ce, "An kai?" Na ce an kai. Ta ce, "To, madalla. Ka cika amana." Ta juya fuskarta bango.

Na kira Babikir ina kuka, ya bazama neman mai tahowa. Ya sami wani ɗalibi ɗan Zariya da zai taso bayan kwana uku, yaron ya ce, "Baba, malesh, kilona ya cika." Ranar na zage shi a raina. Yau ina ganin yaron nan ya fi ni hankali nesa ba kusa ba. Ko da ya karɓa ma ba zai riske ta ba, domin kwana biyu ta ƙara. A kwana biyun nan ruwa, juyi, salla, duk mahaifiyarka take kira. Na roƙe ta gafara, ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ba ta ƙara kiran sunana ba. Ranar Alhamis da hantsi ta cika.

Ni na je kasuwa na sayo farin yadi, irin wanda na ce ana samu ko'ina. Gaskiya ne, ana samu. Ni na auna, ni na yanka. Shekara talatin ina riƙe almakashi, ranar hannuna ya ƙi, sai da wani dattijo ya kama min bakin yadin. Matar da ta yi shekara ashirin tana turara kayanta na Zamzam, aka sa ta a yadin da ko ninkin kanti bai sake shi ba.

Da muka dawo, Babikir ya kawo ƙunshin, ɗaurin Inna ko kwancewa bai yi ba. Na kasa taɓa shi. Mahaifiyarka ce ta karɓa, ta ce, "Tunda Allah bai nufe ni da Makka ba tukuna, ni zan shiga da shi." Shi ne wanda ka ɗaga jiya ka ce farin yadi ne kawai. Kuma na san ta, in ka cire shi ba za ta ce maka uffan ba. Ni na koya mata wannan shirun a gaban sikeli, ba na so ɗanta ya ƙarasa mata karatun.

Saboda haka ga abin da za a yi. Ƙunshin shi ne farkon abin da zai shiga jakar hannunta, sai maganinta, sai mayafi mai kauri. Abin da ya rage na kilo, naku ne da yara. Gobe bayan azahar zan rufe shago, in ɗauki raksha mai ƙafa uku, mu loda saƙonnin nan mu bi gida-gida, Mayo da Aljirif da nan unguwa, mu mayar wa kowa nasa. Kai ka tsaya a bayana, kada ka ce komai, ni zan yi magana. Su ce Usta Haruna ya tsufa ya lalace, su ce ya hana ɗansa zumunci. Na ji, na ɗauka. Wanda ya matsa, zan zaunar da shi in ba shi labarin tahniya.

In kun huta, ka kai mahaifiyarka ƙauye. Kabarin yana gabas da tsamiya, 'ya'yan kawuna za su nuna muku. Ka yi wa Habboba addu'a, ka roƙa min gafara a wurin Allah, ni har yau ƙafata ta kasa komawa.

Allah ya kiyaye ku a ƙasa da sama, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin gaggawa, ya raya maka yaranka, ya ba Amna haƙurin baƙunta. Na ba ka amanar mahaifiyarka mako shida. Allah ya dawo min da ita a kan ƙafafunta, da ƙunshinta a hannu, a ɗaure yadda ya tafi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna tela